Waɗanda Kak Sepiah Ta Warkar a Takarda

Ranar Lahadi ce, ranar da ake komawa aiki a wannan jiha, a mako na biyu na Janairu. Ruwan da aka kwana goma sha ɗaya ana zubawa ya ɗauke tun ranar Juma'a. Kogi ya koma mazauninsa, ya bar wa garin Kuala Rengas taɓo har ƙauri. Rana ta fito da zafi kamar mai jin haushin wani. Ko'ina katifu ne a kan shinge, ko'ina warin danshi.

Kak Sepiah, wato Yaya Sepiah, akawun ɗakin gashin ƙashi na asibitin gunduma, tana kankare taɓon takalminta a bakin matakala sai ta ji ana kwaɗa mata kira.

"Sepiah! Ke Sepiah! Zo ki kama mini tsohon nan kafin in yar da shi."

Mak Cik Limah ce, wato Inna Limah, tana kokawar sauko da mijinta daga motar kwasar kwakwa ta maƙwabcinsu. Mijin, Pak Cik Derasid, wato Baba Derasid, ya shekara arba'in yana yawon ƙauyuka da birinsa, yana tsinko wa mutane kwakwa. Wata biyu da suka wuce ya faɗi a gindin bishiya da igiyar birin a hannunsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

"Yar da ni mana," in ji shi, maganar tana fita ta gefen baki guda. "Mu ga wanda zai kwashe ki."

"Kin ji shi ko? Hannu ya mutu, ƙafa ta mutu, bakin ne ya ƙi mutuwa."

Su biyu suka ɗora shi a keken marasa lafiya. Mak Cik Limah ta rage murya.

"Sau huɗu ba mu zo ba, Sepiah. Gada ta nutse, ke ma kin sani. An ce wai an soke mu."

"Wa ya ce? Ba ni katin."

Ga yadda dokar take. Mai shanyewar jiki in ya yi fashin zuwa gashi sau uku a jere, akawu zai danna akwatin da aka rubuta "ya daina zuwa", kwamfuta ta soke sunansa. Kafin a sake karɓarsa sai ya kawo sabuwar takarda daga likitan jijiyoyi na babban asibitin birni. Tafiyar awa uku ce, layin ganin likitan kuma wata huɗu. To amma akwai wani akwatin a gefensa, "ya kammala". Wanda ya kammala yana da damar dawowa cikin shekara guda a sake duba shi, ba takarda, ba tambaya.

Su kuwa mutanenmu ba sa zuwa a jere. Ruwa yakan tare su. Girbin shinkafa yakan ɗauke mai tuƙo su. 'Ya'yansu suna Kuala Lumpur ko Singafo suna aiki. Wasu kuma sai sun kai tsohonsu wurin mai tausa ya yi kwana arba'in tukuna su tuna da asibiti. Shekara tara ke nan Kak Sepiah ba ta taɓa danna akwatin farko ba. Duk wanda ya ɓace mata sau uku, sai ta kammala shi. Ranar da ya dawo, ta buɗe shi.

Haka ta yi wa Pak Cik Derasid. Minti ɗaya bai cika ba ta miƙa wa matarsa katin da sabuwar rana a jiki, ta tura su layin Faizul, babba a cikin ma'aikatan gashi uku na ɗakin.

Ƙarfe goma aka kira taro. Ba a saba kiranta taro ba, sai dai ta kai fayil ta fito. Yau shugabar asibitin, Likita Hazwani, ta nuna mata kujera.

Baƙon da ya zo daga ofishin lafiya na jiha sunansa Thevan, dogo, siriri, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ba likita ba ne, aikinsa lissafi. Ya kunna majigi, ya ce kafin komai yana son ya gode wa mutum ɗaya.

"Asibiti goma na bi na karɓi bayanan shekara uku. Babu inda na samu aiki tsaf kamar na nan. Ko gurbi ɗaya ba a bari ba. Kak Sepiah, na gode."

Aka ɗan tafa. Ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali.

A jikin bango sai ga zanen ɗakinsu: gadaje huɗu, sandunan koyon tafiya, benci na jira. Wasu ɗigo-ɗigo shuɗɗa suna shigowa ta ƙofa, su zauna, su hau gado, su fice. Thevan ya ce kowane ɗigo mutum ne. Ya gina asibitin ne a cikin kwamfuta, ya ba shi adadin masu zuwa da tsawon lokacin da kowa yake ɗauka kafin ya gama gashi, sai ya sa shekara guda ta wuce cikin minti biyu. Yakan maimaita sau dubu, ya ƙara ma'aikaci ko ya rage, ya ga inda layi zai toshe. Ɗigon da ya jira fiye da mako biyu yakan koma ja.

Ya nuna musu wata gunduma ta bakin teku. Bangon ya yi jajir. Ya dawo da Kuala Rengas, ya cire ma'aikaci ɗaya, babu ja. Ya cire na biyu, ya mayar da ɗakin kwana biyu a mako. Jajaye uku ko huɗu suka ɓullo suka ɓace.

"A sauran wurare mutum yana ɗaukar wata biyar," in ji shi. "A nan mako shida ne. Saboda haka daga watan Maris za a mayar da ma'aikata biyu inda ake da cunkoso. Ɗakin zai riƙa buɗewa Litinin da Laraba."

Faizul ya ture kofin shayinsa. "Malam Thevan, wa ya gaya maka mutum yana tashi daga shanyewar jiki a mako shida? Ko a mafarki."

"Ba ni na faɗa ba. Littafinku ne ya faɗa."

"Mutum saba'in muke gani a mako. Mutum ɗaya a kwana biyu, nawa zai gani? Ashirin?"

"In akwai kuskure a alƙaluman, ku nuna mini. Ni ba ni da wani abin da nake so in ya wuce a kai ma'aikaci inda aka fi buƙatarsa."

Faizul ya kalli Likita, ya kalli bango, ya kalli silin. Ya kalli kowa a ɗakin ban da Kak Sepiah. A nan ta gane ya daɗe da sanin abin da take yi.

Da rana ta tarar da Thevan a rumfar abinci ta bayan asibiti, ya buɗe ƙunshin shinkafar garin mai launin shuɗi yana tsince barkono yana ajiyewa gefe. Ta sayi shayi ta zauna nesa da shi kaɗan.

"Ba ka iya cin yajinmu ba ke nan."

"Gyambon ciki, Kak. Matata ta ce in na sake dawowa ina murƙususu a mota zan kwana."

Ta juya kofinta. "Wannan na'urar taka. Tana gane in mutum ya warke da gaske?"

"Ba ta gane kowa. Abin da aka zuba mata shi take niƙawa." Ya yi 'yar dariya. "Ni kaina na yi mamakin garinku. Na ce ko masu tausarku ne, ko ruwan da kuke sha. Har na yi niyyar kawo surukina."

"To a ce wani akawu, a wani asibitin, ya riƙa danna akwatin da ba shi ba."

Thevan ya ajiye cokali. Ya dube ta sosai.

"Da gangan?"

"A ce da gangan."

"Nawa?"

"A ce da yawa."

Ya goge hannunsa a hankali. Ya ce ba zai iya canja lissafi don wani ya faɗa masa magana a rumfar abinci ba. Sai an gyara a cikin littafin asibitin kansa, suna bayan suna, shugaba ta sa hannu. Ranar Alhamis za a rufe rahoton. In an gyara kafin nan, zai sake gudanar da shi.

"In an gyara, kowa zai koma akwatinsa na gaskiya?"

"Dole."

"Har da waɗanda suke zuwa yanzu?"

"Kak, ni ban san dokar karɓar marasa lafiyarku ba. Amma duk abin da kwamfutarku take yi wa wanda ya daina zuwa, shi za ta yi musu."

Ba ta buƙaci ta duba littafi ba. Mutum hamsin da takwas ne ta kammala ta sake buɗewa, waɗanda har yanzu suke zuwa. Na ƙarshensu da safen nan ta ba matarsa kati.

Ta bar shayin ta koma ciki. A ɗakin gashi Faizul ya zaunar da Pak Cik Derasid gaban tebur, ya sa masa kofin roba, yana tallafe da gwiwar hannunsa. Yatsun tsohon suna rawa a jikin kofin. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Kama shi, Pak Cik. Ɗauka wuyan birin nan ne."

"Wuyan birin gara a bari," in ji Mak Cik Limah daga benci. "Tun da tsohon nan ya kwanta, ja'irin bai hau ko bishiya ɗaya ba. Na ja igiya, ya kalle ni kamar ni ce biri. Ci kawai."

Kofin ya ɗaga kamar faɗin yatsa biyu, ya faɗi. Faizul ya tafa kamar an ci ƙwallo. Da ya zo wanke hannu kusa da teburinta, ya yi magana yana kallon famfo.

"Wata ukun farko su ne komai. Saura masa ɗaya. In ya samu sau biyu a mako, zai ci abinci da hannunsa."

"In ɗakin ya koma kwana biyu fa?"

"Sababbi kawai za a iya gani. Su ma rabinsu." Ya rufe famfon. "Kak, ni ban ce ki yi komai ba."

"Na ji ba ka ce ba."

Ta yi sallar azahar a ƙaramin masallacin asibiti, ta daɗe zaune a kan darduma. Ba addu'a take yi ba, ƙirga take. Hamsin da takwas a hannu ɗaya, ta san gidan kowa, ta san wanda yake turo shi. A ɗaya hannun kuwa mutum ɗari biyu da wani abu ne duk shekara, waɗanda yanzu haka suke kan babur ko cikin gonar roba, lafiyarsu ƙalau, ba su san za su faɗi ba. Ba ta san fuskar ko ɗaya ba. Ta so a ce ta sani, da abin ya fi sauƙi.

Ƙarfe biyu ta ƙwanƙwasa ofishin Likita Hazwani. Likitar ta girmi 'yar Kak Sepiah ta fari da shekara biyu kacal. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba, sannan ta tashi ta rufe ƙofa da kanta.

"Shekara tara, Kak?"

"Tara."

"Saura miki nawa ki yi ritaya?"

"Wata goma sha shida."

Likitar ta zauna, ta dafe goshi. "Ni ban ji komai ba tukuna. Kina iya fita ki koma teburinki. Ba ni na tsara wannan rabon ba, ba ke kika tsara shi ba. In kuwa na ji, dole in rubuta. Za a turo masu bincike. Ba zan iya barinki a kan littafin ba."

"Na sani, Likita. Abu ɗaya nake roƙo. Hamsin da takwas ɗin nan, a bar su a buɗe."

"Ta yaya? In sa hannu cewa ɗaruruwa sun daina zuwa, in bar hamsin da takwas a kan ƙarya saboda mun san su? Mai bincike da su zai fara." "Zan buga waya birni, in roƙa a gan su da wuri. Roƙo ne kawai, Kak. Ba su da likitan jijiyoyi sai biyu."

Fanka tana juyawa. A waje wani yana wanke taɓon baranda da tiyo.

"Sau nawa na so in zo in ce dokar nan ba ta dace da garinmu ba," in ji Kak Sepiah. "Sai in ga danna akwati ya fi sauƙi. Ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya je birni."

"Da kin zo ma, wataƙila da na ce miki ki bi doka kawai." Likitar ta jawo takarda, ta riƙe biro ba ta rubuta ba. "To? Na ji, ko ban ji ba?"

"Kin ji."

Aka kira Thevan. Suka zauna su biyu a teburinta, shi yana karanto suna, ita tana amsawa. Mutum ɗari shida da arba'in na shekara uku. Ba ta buɗe fayil ko ɗaya ba.

"Wannan ya gama, har ya koma kamun kifi. Wannan ya daina, ɗansa ya sayar da motar. Ta daina. Ta daina, kunyar keken take ji. Ya gama. Ya daina, ya rasu a gida da azumi. Ya daina."

Da farko Thevan yana cewa "to" bayan kowane suna. Daga baya ya daina. Da suka kai ƙarshe ya haɗa: ɗari uku da casa'in da ɗaya ba su taɓa kammalawa ba.

Ya zuba sabon lissafin, ya bar ma'aikata ukun yadda suke, ya danna. Ɗigon suka fara shigowa shuɗɗa. Kafin watan Afrilu na cikin kwamfuta bencin ya cika. Kafin Yuni ja ya fito ta ƙofa, ya yi layi a gefen allon, ya ƙare wurin da zai tsaya.

"Biyar kuke buƙata," in ji shi. "Da mota mai bin ƙauyuka lokacin ruwa."

"Za a ba mu?"

"A'a. Babu su. Amma da wannan zai yi wuya a mayar da ku kwana biyu." Ya cire tabarau ya murza ido. "Takardar canjin mutum ɗaya ta riga ta fita tun makon jiya. Wannan ba zan iya dawo da ita ba. Kak, da na tambaya. Na ga mako shida, na san ba daidai ba ne, na yi ta dariyar ruwan shanku."

"Da ka tambaya da na ce maka haka ne."

Likita Hazwani ta sa hannu ƙarfe huɗu da kwata. Kak Sepiah da kanta ta danna wa sunayen "ya daina zuwa". Kwamfutar ba ta ɗauki ko daƙiƙa biyar ba.

Mak Cik Limah tana bakin matakala har yanzu, suna jiran maƙwabcin ya gama sauke kwakwa a kasuwa ya biyo musu. Pak Cik Derasid yana gyangyaɗi a keke. Kak Sepiah ta tsaya a gabansu da jakarta a kafaɗa.

"Mak Cik, ranar Laraban nan da na rubuta muku, kada ku zo."

"An ɗaga ne?"

"An soke. Sai kun je birni kun karɓo sabuwar takarda."

Matar ta dube ta, ta dubi katin da ke hannunta. "Da safe kika ce mini, 'Wa ya ce?'"

"Da safe na yi abin da ba daidai ba. Likita za ta buga musu waya, wataƙila a gan ku da wuri."

"Wataƙila." Mak Cik Limah ta maimaita kalmar a hankali. "Sepiah, ni da uwarki muka yi karatun allo. Awa uku a bayan motar kwakwa? Dubi mutumin nan. Yau ya ɗaga kofi."

"Na gani."

"To me muka yi miki?"

Kak Sepiah ta tuna ɗigon da suka yi layi a gefen allo, ta ga babu yadda za ta faɗa wa matar nan wannan. Pak Cik Derasid ya buɗe ido ɗaya.

"Bar yarinyar mutane, Limah. Aikin gwamnati ne, ba nata ba."

"Nawa ne, Pak Cik," in ji ta.

Motar ta iso tana watsa taɓo. Ta kama ƙafafunsa, direban ya kama kafaɗu, suka ɗora shi a kan buhunan da aka shimfiɗa. Mak Cik Limah ta hau ba ta yi mata sallama ba.

Ɗakin gashi na Kuala Rengas bai koma kwana biyu ba, har yau yana buɗewa kwana biyar. Abin da aka rasa shi ne wannan. Ma'aikaci ɗaya cikin uku. Teburin Kak Sepiah, wadda ta ƙarasa wata goma sha shidanta a ɗakin ajiyar zannuwan gado, da takardar gargaɗi a fayil ɗinta. Sunaye hamsin da takwas, waɗanda goma sha tara daga cikinsu suka dawo da takardar birni, talatin da tara ba su dawo ba. Da hannun dama na Pak Cik Derasid, wanda aka ba shi ranar ganin likita a watan Mayu.